Maganar da Ban Fassara Ba

Haɗeja,
ranar Lahadi da hantsi.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga gare ni da mahaifinka da ƙannenka. Ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mutanen gidan da ka sauka a Kano. Allah ya tsare ka a zaune, ya tsare ka a tafe, ya sa jirgin da zai ɗauke ka ya sauka lafiya kamar yadda zai tashi lafiya.

Ka san halina, idan magana ta yi nauyi bakina ba ya ɗaukarta. Kwana uku ka yi a gida da ka zo sallama. Na dafa maka duk abin da kake so, na ƙulle maka kuka da yaji da busasshen kifi, amma abin da ya kamata in faɗa maka ban faɗa ba. Yau saura kwana goma sha ɗaya ka tashi. Da farko na yi niyyar in bari sai ka sauka ƙasar Turawa sannan in jefa takardar a gidan waya, don ta same ka a inda ba ka da halin juyowa. Sai na ga ashe tsohon kuskurena ne zan sake yi, na canza masa zane kawai. Shi ya sa na ba ƙanena, kawunka Ɗanjuma, ya kawo maka ita hannu da hannu.

Ga maganar. Mahaifinka ya daina jin ƙanshi da wari, an fi shekara. Wata huɗu da suka wuce kuma babban yatsansa na hagu ya fara motsi kamar mai jan carbi, alhali babu carbi a hannun. Kai ne likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ba sai na gaya maka abin da wannan ke nufi ba. Kada ka zargi idonka don ba ka gani ba. Duk kwana ukun nan bai ajiye carbi ba, har kawunka ya tsokane shi ya ce tun da Malam ya bar koyarwa yake neman zama waliyyi. Mahaifinka ya yi dariya, ni na shige madafa.

Na san abin da zuciyarka za ta fara raya maka: ka kwance kaya, ka rubuta wa likitocin da suka gayyace ka yin bincike tare da su ka ce ka fasa. Abin da nake roƙonka kada ka yi ke nan. Ka karanta har ƙarshe kafin ka yanke shawara. Ba ni da ilmin da zan ba ka, ka fi ni nesa ba kusa ba. Abin da nake da shi kurakuraina ne, su kuwa ina da su da yawa.

Zan fara da kakanka, mai sunanka, tunda a jikinsa na fara ganin ciwon karkarwa. Masunci ne a ƙauyenmu na bayan Kirikasamma, kuma a zamaninsa ba a yi mai saƙar koma kamarsa ba. Shekarar da dagaci ya rubuta sunana cikin 'yan matan da za a kai makaranta Kano, lafiyarsa ƙalau. Hutu na uku da na zo, na tarar zare yana kuɓuce masa. Hutu na biyar, ba ya kai ludayi baki sai rabin kunun ya zube masa a riga. Aka ce mutanen ruwa ne suka taɓa shi. Aka yi hayaƙi, aka sha rubutu, aka yanka abin da aka yanka.

Ni kuwa na dawo da farar riga da takalmi da ɗan Turancina, sai na ji kunyarsa. Ba kunyar 'ya da uba ba, wadda ake yabo. Ɗaya kunyar nake nufi, mummunar. Idan baƙi suka zo, ni ce mai cewa a shimfiɗa masa a ɗakin baya, wai don ya huta. Idan yana shan kunu sai in karɓe ludayin in riƙa ɗura masa da sauri, ina ganin taimako nake yi. Wata rana ya dafa hannuna da hannun nan nasa mai rawa, ya ce, "'Yar nan, hannuna ne ya gaji, ba ni ba. Bar ni in zubar da rabi in sha rabi, ai kununa ne."

Daga baya muryarsa ta yi ƙasa, kalma ta riƙa tsaya masa a hanya kamar jaki a bakin rafi. Sai na koyi ƙarasa masa magana. Ranar da zan koma makaranta bayan hutun ƙarshe, mai jakin da zai kai ni tashar jirgi ta Malammaduri yana jira a ƙofa, kakanka ya sa aka kira ni. Ya ce, "Idan kin je," sai ya tsaya. Na jira kaɗan, ina jin mai jaki yana gyaran murya a waje. Na ce, "To Baba, na ji, zan yi karatu, zan kama kaina." Ya girgiza kai, ya sake buɗe baki, ni kuwa na riga na durƙusa na yi sallama na miƙe. Kafin in dawo ya rasu. Har yau ban san idan na je me ba.

Saboda haka, Abba, duk inda ka je, idan mai ciwon nan ya fara magana ka zauna. Kada ka tsaya a kansa da alƙalami a hannu kana kallon ƙofa. Ka bar shi ya kai kalmarsa inda ya nufa, ko da za ta ci maka lokacin abinci. Can inda za ka je na ji an ce komai da agogo ake yi. Ka bi agogonsu a komai, ban da wannan.

Kuskurena na biyu ya fi wannan girma, domin ba mutum ɗaya ya shafa ba, kuma ya shafi aikinka kai tsaye.

Shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai, kana aji huɗu, wani likita Bature ya zo Haɗeja yana bin ƙauyukan fadama, yana tambayar tsofaffi masu rawar hannu. Tafintansa namiji ne, ba ya shiga gidaje, matan kuwa su suka san komai game da mazajensu. A lokacin ina koyar da matan aure karatu a ajin yaƙi da jahilci, sai aka roƙi mahaifinka ya bari in raka shi. Ya yarda. Ruwa ya cika fadama a lokacin, a kwalekwale muka yi yawancin tafiyar, ina zaune a tsakiya na ƙanƙame mayafi, ba na iya kallon kowa.

A rana ta huɗu muka isa gidan Ya Falmata, wadda ka sani. A lokacin da sauran ƙarfinta. Muka same ta a bayan gida tana banda, tarwaɗa jere a kan wuta, hayaƙi ya cika wurin. Mijinta Ari yana zaune a gindin tsamiya, hannuwansa suna rawa a kan gwiwa. Likita ya ce in tambaye ta yaushe ciwon ya fara.

Ta ce, "Wanne? Na hannu ko na hanci?"

Na ce, "Ya Falmata, rawar hannu ake tambaya."

Ta ce, "To ai ba nan ya fara ba, 'yar boko. Gaya masa hanci ne ya fara mutuwa. Mutumin nan da kike gani, da can tun daga bakin ruwa yake jin wutata ta yi yawa, ya shigo yana faɗa wai na ƙona masa wahalarsa. Sai ga shi kifi yana ƙonewa a gabansa, shi yana zaune yana ɗinkin gora ko a jikinsa. Damina bakwai muna haka kafin hannu ya motsa. Wansa ma haka ya yi. Duk wanda mutanen ruwa za su kama, hancinsa suke fara toshewa, don kada ya ji zuwansu."

Da na ji ta ambaci mutanen ruwa, sai na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Ga Bature da littafi a buɗe, ga ni da na yi makaranta a Kano, in buɗe baki in ce masa aljannu suna toshe hanci? Na ga zai koma ƙasarsu ya ce haka mutanen Haɗeja suke. Sai na ce masa da Turanci, "Ta ce shekara uku ke nan, a hannun dama ya fara." Wannan ma daga bakin maƙwabta na ji shi da muka shigo.

Ya rubuta, ya ɗago kai ya ce ai ta daɗe tana magana, shi ke nan abin da ta ce? Na ce sauran camfi ne na ƙauye.

Ya Falmata tana kallon bakinmu. Ta ce, "Oh, Turanci akwai rowa. Duk zancen nan da na zuba shi ne ya koma loma ɗaya?"

Na ce, "Haka harshensu yake."

Ta ce, "To Allah ya ba su haƙuri da matansu." Ta naɗe mini tarwaɗa uku a ganye, ta ce in kai wa yara. Kai ma ka ci.

Abin da ya fi ci mini rai, muna cikin kwalekwale muna dawowa na tuna da kakanka. Tun kafin zare ya fara kuɓuce masa, kakarka ta sha yin mita cewa ko ta sa daddawa ko ba ta sa ba duk ɗaya ne a wurinsa. Likita yana zaune taku biyu daga inda nake. Da na juya na ce masa, ɗazu na rage magana, da ya buɗe littafinsa ya ƙara. Ban juya ba. Na ji nauyin ya san na yi ƙarya.

Shekara goma sha shida maganar nan tana kwance. Sai da ka zama likita, ka fara bin ƙauyukan nan da ƙafarka a lokacin hutu, ka je wurin Ya Falmata, Ari ya daɗe da rasuwa, hayaƙin banda ya kusa cinye mata ido, ta sake faɗa maka abin da ta faɗa mini. Kai ba ka jefar ba. Ka dawo ka karɓi kwalaben turarena da suka ƙare, ka zuba daddawa a wata, kananzir a wata, man shanu a wata, ka riƙa bin tsofaffi kana cewa su rufe ido su shinshina. Ƙannenka suna yi maka dariya, suna cewa yaya ya yi karatun likita ya ƙare a tallan turare. Daga kwalaben nan ne takardar da ka rubuta ta fito, wadda ta kai hannun mutanen da suka kira ka yanzu.

Za ka tuna ranar da ka dawo daga wurinta, kana cin tuwo, ka ce, "Inna, wai Ya Falmata ta ce ta taɓa gaya miki maganar hanci tun ina yaro." Na ce ban tuna ba. Ƙarya na yi maka. Na tuna har kalar zanen da ta ɗaura. Ka yafe mini.

Ban san abin da Baturen nan zai yi da maganar ba da na ba shi ita. Wataƙila ya yi dariya ya wuce. Wataƙila kuma da tuni an yi nisa. Ba ni ce ya kamata in yanke wannan hukuncin ba, aikina kawai in kai saƙo. To yanzu kai ne tafinta, tsakanin mutanenmu da mutanen can masu manyan injuna da madubin ganin abin da ido ba ya gani. Za ka tsaya a gabansu, za ka ji irin kunyar da na ji, domin jinina ne a jikinka. Idan ta zo maka, ka tuna cewa Ya Falmata ta yi kuskure a kan dalili, amma ba ta yi kuskure a kan abin da ta gani ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka kai musu kifin da ƙayarsa, a taru a cire ƙayar a kan tabarma ɗaya. Kada ka cire tun a hanya, za ka zubar da tsoka.

Akwai wani abu kuma da na daɗe ina so in faɗa maka game da takardar taka. Ka ba ni na karanta, na kwana uku a kanta da ƙamus ɗin mahaifinka. Ban gane rabinta ba, amma na gane sunaye. A sama akwai naka da na babban malaminka. A can ƙasa, da ƙananan haruffa, ka gode wa mutanen ƙauyuka. Na ce maka ta yi kyau, ban ce maka ban ga sunan Ya Falmata ba.

Ba ni da bakin yi maka faɗa, domin na riga ka cin kason wani. Da Baturen nan zai tafi, ya rubuta mini takardar yabo, ya faɗa a gaban manyan gari cewa bai ga wanda ya san ciwon nan kamar ni ba. Na sunkuyar da kai, mutane suka ce kawaici ne. Alhali duk abin da na sani daga bakin matan nan na kwasa, ban ambaci ko ɗaya ba.

Ba haka aka rene ni ba. A ƙauyenmu idan ruwa ya janye aka buɗe tabki don yin su, wato kamun kifin gayya, ba kowa ke riƙe homa, ragar kamun, ba. Akwai masu hawa gora su bi zurfi da homarsu. Akwai kuma waɗanda ake turawa can ƙarshen tabki, cikin ciyawa da taɓo, su riƙa dukan ruwa da sanda suna koro kifi. Su ba sa kama ko ɗaya, sai ƙaiƙayi da matsattsaku. Amma idan aka fito, kafin mai homa ya ɗauki kifi ɗaya ya nufi gida, sai ya juye goransa a ƙasa an fitar da kason masu kora. Har tsohon da bai shiga ruwa ba, wanda ya tsaya a gaɓa ya nuna da sanda ya ce can kifi yake kwana, yana da nasa. Na ga shekarar da wani mai homa ya zagaya ta bayan gari da goransa cike. Babu wanda ya ce masa komai. Da shekara ta zagayo ya hau gora, masu kora suka koma ɗaya gefen tabkin. Ya yini yana shawagi a ruwan da babu motsi, ya fito da kwaɗo biyu.

A aikinka kai ne mai homa, amma ka dubi masu kora. Nas ɗin da ta bi ka ƙauye ƙauye tana rubuta amsoshi, da abokinka na Ibadan da ka ce shi ya nuna maka yadda za ka jera abin da ka samu har ya zama hujja, da Ya Falmata da ta nuna inda kifin yake kwana. Ban san dokar rubutunku ba, wataƙila ba a sa sunan mai banda a sama. To a sa shi a ƙasa, amma a sa shi, da sunanta, ba mutanen ƙauyuka ba. Ba za ta iya karantawa ba. Jikokinta suna makaranta.

Sai dai ka juya maganar nan ta ɗaya fuskar, domin a can kai ne za a tura cikin ciyawa. Su ke da gora da homa. Ka yi musu kora da zuciya ɗaya, kada ka ɓoye abin da ka sani don tsoron a ƙwace, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma idan aka fito gaɓa aka zo rabo, kada ka tsaya a baya kana murmushi irin nawa. Ka ce, wannan daga Haɗeja na zo da shi. Faɗin haka ba rashin kunya ba ne. Idan ka bar kasonka, ba naka kaɗai ka bari ba.

Wataƙila ba ka san abin da aikinka ya riga ya yi a nan ba, domin kana zuwa ne kana komawa. Ni da nake zaune nake gani. Tsohon nan na Kafin Hausa da ka sa wa ƙwayoyin nan na maganin karkarwa bara, 'yarsa ta zo har gida ranar kasuwa da ƙwaryar nono. Ta ce babanta ya ɗauki buta da hannunsa ya yi alwala, babu wanda ya zuba masa, ya fito yana cewa a kira masa mutane su gani. A unguwar masunta kuma an fara fito da masu rawar hannu ƙofar gida suna shan iska cikin jama'a, domin an ji likita ɗan gari ya ce ciwo ne kamar kowane ciwo, ba ya yaɗuwa, ba kuma alhakin kowa ba ne. Idan na wuce na gan su a kan tabarma, sai in tuna ɗakin baya.

Amma kai da bakinka ka ce mini ƙwayoyin suna danne rawar ne, ba sa kashe ciwon, kuma bayan wasu shekaru ƙarfinsu yana raguwa. Ka ce wani ɗan wuri ne a cikin ƙwaƙwalwa yake lalacewa a hankali, babu wanda ya san abin da ke cinsa, kuma tafiyar nan don neman sanin haka ce. Ban ce za ka samo ba. Ban ce ko an samo zai riski mahaifinka ba, na girmi irin wannan mafarkin. Amma abin da za ka yi masa idan ka zauna, wato ka rubuta masa ƙwaya ka duba shi lokaci lokaci, abokan aikinka na Kano za su iya. Abin da za ka yi a can, da kwalabenka da abin da ka ji daga bakin tsofaffin fadama, ban ga wanda zai yi maka shi ba.

Saura kuskurena na ƙarshe, wanda bai tsufa ba. Bara da rani na ɗora shinkafa na leƙa maƙwabta barka, hira ta ja ni. Tun daga soro na ji ƙauri. Na shigo a guje na tarar tukunya ta kama, hayaƙi har rumfa, mahaifinka yana zaune a rumfar ya juya baya yana gyaran rediyonsa. Na ce, "Malam, ba ka ji ƙauri ba?" Ya ce mura yake yi. Ba ya mura. Bayan nan na lura ranar Juma'a yana zuba turare har ya jiƙa riga, yara suna tari yana cewa turaren yanzu duk ruwa ne. Na gane tun ranar tukunyar. Wa ya fi ni sanin wannan alamar? Amma na ce wa kaina ai ka taɓa cewa ba duk mai mataccen hanci ne ke kamuwa ba, na riƙe wannan kamar igiya. Da yatsan ya fara motsi, na ga yana ɓoyewa, sai na taya shi ɓoyewa. Muna gida ɗaya, kowa ya san ɗan'uwansa ya sani, muna ta gaisawa.

Shawarata a nan gajera ce. Idan Allah ya ba ka mata, kada ku yi irin wannan kawaicin. Akwai kunyar da ke rufa asiri, akwai wadda ke rufe ƙofa a bar mutum shi kaɗai a ciki.

Jiya bayan la'asar na kai masa shayi a rumfa, na zauna, abin da ban saba ba. Ya dube ni ta saman tabarau.

Ya ce, "Malama, yau kuma wane laifi na yi?"

Na ce, "Zan rubuta wa yaron nan."

Ya ce, "Ki gaishe shi."

Na ce, "Zan gaya masa maganar hannunka."

Ya ajiye carbin a kan tabarma, ya ɗora hannun a gwiwa, muka zauna muna kallon yatsan yana aikinsa. Wannan ne karo na farko da ya bar ni na gani da sani.

Ya ce, "Na ɗauka na iya ɓoyo."

Na ce, "Ka iya. Ni ce na daɗe da sanin ciwon."

Ya ce, "Kwana uku ina jan carbi har yatsuna suka yi ciwo. Ko ladan ban sani ba zan samu, tunda ba don Allah na ja ba." Ya yi 'yar dariya, ni na kasa. Can ya ce, "Kin san zai ce ya fasa."

Na ce, "Na sani."

Ya ce, "Ya fasa ya zo ya yi mini me? Ya riƙe mini kofi? To ke aikin me za ki yi?"

Na ce ai ɗa yana da hakkin ya ga ubansa da idon likita kafin ya yi nisa, kuma idan muka hana shi wannan, ko ya tafi hankalinsa yana nan. Ya daɗe yana juya maganar. Shayin ya huce. Ban ƙarasa masa ba, Abba, na jira.

Da ya tashi magana, ga abin da ya ce, kuma na rubuta shi yadda ya faɗa, ban rage ba ban gyara ba.

"Ki ce masa shekara talatin ina koya wa 'ya'yan mutane, ban taɓa barin yaro ya tashi daga aji don ubansa yana tari ba. Ki ce ya zo ranar Alhamis ya duba ni, ya kawo kwalaben nan nasa in shinshina, ya tambaye ni duk abin da yake tambayar tsofaffin ƙauye, ya rubuta ni a littafinsa kamar kowa. Ya bar miki tambayoyin, duk wata ki rubuta masa yadda nake, ko ya yi daɗin ji ko bai yi ba, ya nuna wa mutanen can idan zai amfane su. Ya kwana ɗaya, mu yi Juma'a tare, ya koma. Ya zo da jakarsa ta likita. Idan na ga akwati a hannunsa, a soro zai tsaya."

To ka ji. Ni ban da abin ƙarawa, sai dai in ce zan rubuta maka duk wata kamar yadda ya ce, kuma abin da idona ya gani shi za ka karanta.

Allah ya kawo ka lafiya ranar Alhamis, ya mayar da kai lafiya. Allah ya tsare ka a sama da ƙasa, ya kare ka daga sanyin ƙasar da ba ka sani ba da sharrin wanda ba ka zata ba. Ya haɗa ka da abokan aiki masu amana, ya sa kai ma ka zame musu haka. Ya sa albarka a hannunka da idonka da kunnenka. Ya ba mahaifinka sauƙi, ya ara mana kwana mu ga dawowarka. Amin.

Akwatin ka bar shi a Kano, a ɗaure yadda yake.

Ni ce,
Innarka.